Adabin Matasa Ya Koma Cikin Waya: Ina Malami, Ina Mai Laburare?

Gabatarwa

A dogon hutun da ya wuce na taimaka da koyar da Hausa a wata makarantar sakandare ta 'yan mata a garinmu. Wata rana na tambayi 'yan aji biyar ko su wa suka karance littafin zube da aka ɗora musu don jarrabawa. Hannuwan da suka tashi ba su wuce a ƙirga su da yatsun hannu ɗaya ba. Sai na sake tambaya, su wa ke bin wani labari a waya idan sun koma gida? Aka yi shiru, aka dubi juna, sa'an nan aka fashe da dariya, hannuwa suka tashi ta ko'ina. Da aka tashi tara na je laburaren makarantar na ba dattijon da ke kula da shi labari. Ya ce, "Haba ɗan samari, ai waɗannan ba littattafai ba ne, shirme ne kawai." Na ce, "Allah ya gafarta Malam, wanne ka karanta daga ciki?" Ya ce Allah ya sawwaƙe masa.

Wannan amsa ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ba ina nufin zargin wannan dattijo ba ne, don mutum ne mai ƙwazo, kuma ra'ayinsa shi ne ra'ayin malaman Hausa da yawa. Abin da nake so in nuna a cikin wannan ɗan sharhi shi ne, Hausa tana da adabin matasa, akwai kuma ma'aunin da ya dace a auna shi da shi, kuma tun da yanzu ya ƙaura daga takarda ya koma cikin waya, wajibi ne malami da mai laburare su bi shi can su nazarce shi. In ba haka ba, za a maimaita asarar da aka yi wajen shekara talatin da suka wuce.

Mene Ne Adabin Matasa?

Wannan suna daga Amurka ya fito, kuma abin lura, ma'aikatan laburare ne suka fi kowa raya shi. Su ne suka gane akwai masu karatun da suka wuce littattafan yara, amma ba su kai ga na manya ba. A 1957 ƙungiyar laburarori ta Amurka ta buɗe sashe na musamman don hidimar matasa, kuma a wurinsu matashi shi ne ɗan shekara 12 zuwa 18. Wata ma'aikaciyar laburare a birnin Baltimo, Margaret Edwards, ta yi suna wajen tilasta wa ma'aikatanta su karanta littattafan da za su ba matasa kafin su miƙa musu. A 1967 wata yarinya mai suna S. E. Hinton ta fitar da littafinta The Outsiders, wanda ta fara rubutawa tana 'yar sakandare, a kan gabar da ke tsakanin samari 'ya'yan talakawa da 'ya'yan masu hali. Mai ba da labarin yaro ne ɗan shekara 14. Da aka kafa lambar yabo da sunan Edwards a 1988, Hinton ce ta fara samunta.

Daga nan ne na ciro ma'aunin da zan yi aiki da shi. Shekarun marubuci ba su isa su mai da littafi na matasa ba, haka nan shekarun mai karatu. Abin tambaya shi ne, da idon wa ake ganin duniyar labarin? Idan da idon matashi ne, yana cikin matsalarsa tsundum, bai san yadda za ta ƙare ba, to, wannan adabin matasa ne. Idan kuwa babba ne ya waiwaya yana ba da labari don a ɗauki darasi, to, adabi ne da aka yi wa matasa, ba nasu ba.

Mu gwada wannan ma'auni a kan littattafanmu na farko. Lokacin gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, Abubakar Imam yana da shekara 22, Abubakar Tafawa Ɓalewa yana da 21, watau sa'o'inmu ne mu ɗalibai. Amma a cikin Ruwan Bagaja, Alhaji Imam yana ba da labarinsa ne bayan ya dawo gida ya zauna cikin daula. A cikin Shaihu Umar akwai labarin yaron da aka sace aka rabu da uwarsa, amma wanda ke ba da shi tsohon malami ne a gaban almajiransa. Magana Jari Ce ma ta fi fito da abin a fili. A littafi na farko, sarki ya tafi yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida, waziri yana ƙulla makircin fitar da shi, aku kuma yana ta zuba masa labari har gari ya waye don kada ya fita. Ashe ke nan aikin labari a nan shi ne ya zama turke, a ɗaure saurayi da shi don kare lafiyarsa. Babu mai musun gwanintar waɗannan littattafai wajen sarrafa harshe, kuma har gobe su ne madubinmu. Sai dai a cikinsu matashi mai sauraro ne, babba ke da baki.

Lokacin Da Matashi Ya Sami Baki

Al'amarin ya fara juyawa a 1980, sa'ad da kamfanin buga littattafai na Arewa, watau NNPC, ya fitar da littattafan da suka ci gasarsa, cikinsu har da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid. A cikin na biyun, Boɗaɗo, budurwa Bafilatana, ita ce ke tsaye a kan wanda take so duk da ƙin danginta. Bayan haka abubuwa biyu suka haɗu. Yaran da suka shiga firamare a shirin ilimi kyauta na 1976 sun zama samari da 'yan mata masu iya karatun boko a tsakiyar shekarun 1980. A daidai wannan lokaci kuma tattalin arziki ya karye, manyan kamfanoni suka ja baya daga buga ƙagaggun labarai. Ga masu karatu, babu abin karantawa. Sai matasa suka shiga rubutawa da kansu, suna kai wa ƙananan maɗaba'u, suna sayarwa a kasuwa. Wannan shi ne abin da aka kira littattafan soyayya, ko Adabin Kasuwar Kano.

Zan ɗauki biyu daga ciki in ɗan yi musu fiɗa. Na farko shi ne In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, na 1991. Sumayya 'yar masu kuɗi ce, ta kamu da son Muhammad ɗan talakawa, kuma ita ce ta fara bayyana masa. Ga attajiri Abdulƙadir yana nemanta, ya saye zuciyar kakarta da kyauta, aka tsai da magana a kansa, ita kuwa ta faɗa rijiya. Ƙarfin littafin yana nan, cewa duk wannan rikici da idon Sumayya da Muhammad muke ganinsa. Mai karatu yana jin yadda hukuncin manya ke sauka a kan wanda ba a tambaye shi ba. Rauninsa kuma, a nawa ganin, shi ne yadda marubucin ya warware ƙullin. Ya mai da Abdulƙadir mugu mai haramtacciyar sana'a, asirinsa ya tonu, sai kowa ya gane Sumayya ce ke da gaskiya. To, da a ce Abdulƙadir mutumin kirki ne mai halal, amma dai yarinya ba ta sonsa fa? Wannan ita ce tambaya mai wuya, ita ce kuma 'yan mata da yawa ke fuskanta, littafin kuwa ya kauce mata.

Na biyu shi ne Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990. An cire Abu daga makaranta a ƙauyensu, saurayinta ɗan boko ya guje ta don ba ta da ilimi, mahaifinta ya aurar da ita ga tsoho Sarkin Noma. Ta sha azaba, ta gudu zuwa wurin wata 'yar'uwarsu a birnin Kano, ta koma karatu har ta tsaya da ƙafafunta. Wannan littafi ya fi na farko ƙarfin hali, don bai nemi wani ɗan fashi ko mai safarar ƙwaya ya ɗora wa laifi ba. Waɗanda suka cuci Abu mutanen gari ne masu mutunci, kowannensu yana ganin daidai yake yi. Marubuciyar kanta an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana ƙarama, shi ya sa ake jin zafin abin a alƙalaminta. In akwai abin da zan ce, shi ne sunan littafin kansa yana auna darajar ilimin mace da samun miji, alhali labarin da ke ciki ya nuna ilimin ya yi wa Abu abin da ya fi haka.

Mai karatu zai lura duka biyun a kan aure suke. Masu suka sun ce wannan alamar lalacewa ce da kwaikwayon finafinan Indiya. Lalle akwai tasirin Indiya, Brian Larkin ma ya yi nazari a kansa a 1997. Amma akwai dalilin da ya fi wannan zurfi. A wurin Bahaushe samartaka da 'yanmatanci ba da shekara suke ƙarewa ba, da aure suke ƙarewa. Yarinya 'yar shekara 15 tana iya zama budurwa yau, wata mai zuwa ta zama matar gida. Saboda haka babbar mararrabar rayuwar matashinmu ita ce wa zai aura, yaushe, kuma wa zai zaɓa masa. Duk adabin da ya dubi duniya da idon matashin Bahaushe dole ya tsaya a wannan mararraba.

Abin Da Manya Suka Yi

Maimakon a karanta a tace, sai aka yi ta jayayya a kan ko wannan adabi ne ko ba adabi ba ne. A shekarun 1990 an yi doguwar muhawara a jaridu, Ibrahim Malumfashi yana ganin abu ne mai wucewa wanda bai kai matsayin adabi ba, su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suna kare shi. Wannan muhawara ta yi amfani, don masu yin ta sun karanta littattafan. Amma a makarantu ƙwacewa aka yi ta yi. A 2007 har aka ƙona tarin irin waɗannan littattafai a bainar jama'a a wata makarantar 'yan mata a Kano, a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu na gwamnatin wancan lokaci.

Laburarori kuwa suka kau da kai. Dokar Laburaren Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa mai buga littafi ya kai kwafi 3 a ajiye, amma yawancin waɗannan littattafai ko shekarar bugu babu a jikinsu, kuma a kan takarda marar ƙwari aka buga su. Yau ɗalibin da ke son nazarin su sai ya yi ta yawo wurin masu tsofaffin littattafai, ko ya dogara da abin da ɗaiɗaikun malamai suka tara don kansu. Graham Furniss ya tattara ɗaruruwa daga ciki a Landan. A 2012 wani kamfani a Indiya ya buga fassarar Ingilishi ta Alhaki Kwikwiyo na Balaraba, wadda Aliyu Kamal ya yi. Abin da muka raina a gida, ga shi baƙi suna adanawa.

Ƙaura Zuwa Cikin Waya

Yanzu kiɗa ya canza. Littafin kasuwa ya ja baya, marubuta, galibinsu mata matasa, sun koma WhatsApp da Facebook da Wattpad. Ana sakin labari shafi-shafi, a ba da na farko kyauta, in an kai inda ya yi daɗi sai a ce a biya ta banki ko da katin waya kafin a ci gaba. Wasu kuma ana karanta su da murya a YouTube, ta yadda wadda ba ta iya karatu ba ma tana bi. Bayan abin da ya faru a ajin nan na zauna na karanta da dama daga cikinsu, kuma ga abin da na gani.

Ta wajen zubi da tsari, hanyar sayarwa ita ke juya labarin. Tun da kuɗi yana zuwa ne gwargwadon jan rai, sai a yi ta tsawaita labari, a ƙirƙiro sabuwar kishiya ko haɗarin mota duk lokacin da aka ga zaren ya kusa ƙarewa. Masu karatu suna faɗin ra'ayinsu bayan kowane shafi, marubuciya kuma takan karkata inda suka fi so, har tauraro ya sauya hali ba tare da dalili ba. Ta wajen jigo, sau da yawa saurayin hamshaƙin mai kuɗi ne mai girman kai, yarinyar talaka ce mai haƙuri, wulakancin da yake yi mata kuma a nuna shi kamar wani nau'in so. Wannan ya fi damuna fiye da batsar da ake yawan magana a kanta, ko da yake ita ma akwai ta a wasu, kuma babu wani shamaki tsakaninta da yarinya 'yar shekara 13. Ta wajen harshe, ƙa'idojin rubutu sun sha kashi. Ba a raba kalmomi daidai, ba a bambanta ƙ da k ko ɗ da d, ana cusa Ingilishi inda Hausa ke da kalma. Na ga wannan ya biyo 'yan ajina har cikin takardar insha'i.

Amma zalunci ne in tsaya nan. Na karanta labarai a kan fyaɗe, da shaye-shaye, da rayuwar 'yar aiki, da ta 'yan gudun hijira, waɗanda aka rubuta da idon yarinyar da abin ya shafa, cikin Hausar da ake yi a ɗakin 'yan mata, wadda ba za ka same ta a littafin makaranta ba. Hirar taurari a wasunsu tana da rai fiye da ta wasu littattafan da aka buga. Gasar Hikayata da sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 ta nuna cewa idan aka sa wa waɗannan marubuta iyaka da alƙalai, suna fitar da aiki mai kyau. Abin da suka rasa shi ne edita da manazarci, ba basira ba.

Aikin Malami Da Mai Laburare

Wayar da ta ɗauke adabin ita ce kuma ta sauƙaƙa nazarinsa. Malamin da ke ƙauye ba sai ya bar ajinsa ba. Labaran suna cikin aljihunsa, maƙalun manazarta da yawa suna intanet, akwai kuma jami'o'in ƙasashen waje da ke koyar da darasin adabin matasa daga nesa don malamai da ma'aikatan laburare. Wanda ya sami hali ya yi, zai koyi yadda ake zaɓen littafi, da yadda ake tallata shi ga ɗalibi, da yadda ake amsa ƙorafin iyaye. Sai dai ya yi hattara. Irin wannan darasi a kan littattafan Amurka da Ingila aka gina shi, inda matsalar tauraro ita ce makaranta da abokai da neman sanin kai, aure kuwa yana can nesa. Wanda ya ɗauko wannan ma'auni ɗungurungum zai ce Abu ba matashiya ba ce tun da matar aure ce. A ɗauki dabarar aiki daga can, ma'auni kuwa a sassaƙa shi a gida.

Ga malami, shawarata ita ce ya tambayi ɗalibansa abin da suke karantawa, ya karanta biyu ko uku har ƙarshe, ya zaɓi shafi mai tsabta ya kawo aji. A sa ɗalibai su gyara ƙa'idojin rubutunsa, su fitar da jigo, su kwatanta tauraruwarsa da Sumayya ko Abu, su faɗi ko abin da saurayin ya yi so ne ko cin zali. Yarinyar da ta koyi yin wannan tambaya ta sami kariyar da ƙwace waya ba zai ba ta ba, kuma daga nan ana iya jan ta zuwa Magana Jari Ce ta ga yadda gwani ke gina jimla.

Ga mai laburare, aikinsa adanawa ne, kuma lokaci yana ƙurewa. Littafin kasuwa ko ya yage ana samun ragowarsa, na waya kuwa yakan ɓace ɗungum. A ƙarshen Nuwamba 2023 kamfanin OkadaBooks, inda marubutan Hausa da dama ke sayar da littattafansu, ya rufe bayan shekara 10 yana aiki. Rukunin WhatsApp kuma yana mutuwa ranar da wayar mai shi ta lalace. Ya kamata laburarorin jami'o'inmu su nemi izinin marubuta su riƙa ajiye kwafi, da sunan marubuci da shekarar rubutu. Mu ma 'yan Ƙungiyar Hausa muna iya farawa, kowane ɗalibi ya kawo bayanin littafi biyar a zangon karatu, a tara a sashe. Su kuma malamanmu na jami'a, muna roƙon su buɗe darasi na musamman a kan adabin matasa, wanda malaman sakandare za su iya bi daga inda suke.

Kammalawa

Hausawa sun ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Gaskiya ne, amma sai babban ya duba tukuna. Wanda ya ce abu shirme ne alhali bai buɗe shi ba, bai hango komai ba. Ban ce duk abin da ke cikin waya adabi ne mai kyau ba, na ma nuna inda ya gaza. Abin da na ce shi ne, a nan ƙannenmu suke karatun Hausa da son ransu, ba don tsoron jarrabawa ba, kuma ba a yi wa mai karatu jagora daga bayan katanga. Kafin in bar waccan makaranta na tura wa dattijon nan labari ɗaya a wayarsa, na roƙe shi ya karanta ko shafi goma ne, in ya so ya zage shi da hujja. Wannan roƙo nake yi ga duk malamin da wannan mujalla ta shiga hannunsa. Idan na yi kuskure a cikin abin da na faɗa, ina jiran gyara daga malamaina da 'yan'uwana ɗalibai a fitowa ta gaba. Allah ya sa mu dace, amin.